Sharhi a Kan Fassarar Aikatau “Take Off” Daga Ingilishi Zuwa Hausa, da Misalai Daga Karin Adar

1.0 Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 2025 aka zartar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ɗora Hausa a kan matsayin harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Da wannan mataki doka ta zaunar da Hausa da Ingilishi a kan tabarma ɗaya. Amma tun daga samun ƴancin kai a 1960, ta hannun Faransanci ɗalibin Nijar ya saba karɓar Ingilishi. Yakan fara shi a ajin farko na kwaleji, bayan ya shafe shekara shida yana karatu da Faransanci, kuma in kalma ta gagare shi da Faransanci akan warware masa ita. Harshen da ya tashi da shi a gida yakan tsaya a bakin ƙofar aji.

Abin da wannan maƙala ta sa gaba shi ne ta ɗauki aikatau guda ɗaya na Ingilishi, wato “take off”, ta bi ma'anoninsa ɗaya bayan ɗaya, ta gwada su da maganar mutanen Barmu da sauran arewacin Adar, sa'an nan ta duba ko ƙamusoshin da ke hannunmu sun isa su ɗauki wannan kaya. Ra'ayin da za a kare a nan kashi biyu ne. Na farko, irin wannan aikatau jimla ce ke fassara shi, kalma ɗaya ba ta iyawa. Na biyu, Hausa ta fi Faransanci kayan nuna wa ɗalibi yadda aka ƙera shi. An zaɓi Barmu domin gari ne na kasuwa, arewa maso gabas da Tawa, inda manoma Adarawa ke cuɗanya da makiyaya Abzinawa da Fulani, kuma Hausar da ake yi a can ta yi nisa da ta Kano, wadda a kanta aka gina mafi yawan ƙamusoshi. An kuma zaɓi a ce “Ingilishi” ko'ina, saboda kalmar “Turanci” a bakin mutanen Nijar tana iya nufin Faransanci.

2.0 Ƙirar aikatau ɗin

Kalma biyu aka haɗa. Ta farko, “take”, ita ce ke kusa da ɗauka ko karɓa. Ta biyu, “off”, ƙaramar kalma ce mai nuna rabuwar abu da inda yake manne. A nan za a kira irin wannan haɗi aikatau mai ɗan rakiya. Ingilishi yana da dubbansu, kuma suna da yawa a maganar yau da kullum.

Masanan Ingila da kansu sun daɗe da sanin wahalar abin. A gabatarwar ƙamusunsa na 1755 Samuel Johnson ya nuna cewa irin wannan haɗi shi ne ya fi ba baƙon harshe wuya, kuma cikin misalan da ya kawo har da wannan aikatau namu, da ma'anar kwafar abu. Sunan da ake kiran wannan rukuni da shi a nahawun Ingilishi ya yaɗu ne ta littafin Logan Pearsall Smith na 1925. A 1975 kuma Cowie da Mackin suka fitar da ƙamus sukutum a Okusfod wanda ba abin da ya ƙunsa sai aikatau masu rakiya. Abin da masu harshe suka ware wa littafi guda, ba daidai ba ne mu sallame shi da layi ɗaya a jerin kalmomi.

Ta fuskar nahawu, aikatau ɗin yana da hali biyu. Wani lokaci so-karɓau ne, wani lokaci ƙi-karɓau. In so-karɓau ne, ɗan rakiyar yana iya zuwa kafin suna ko bayansa, amma in wakilin suna ne karɓau tilas ya shiga tsakani, a ce “take it off”. Wannan bambanci na karɓau shi ne mabuɗin farko na ma'ana, kuma a kansa aka raba abin da ke biye.

3.0 Ma'anoninsa da takwarorinsu na Hausa

3.1 Raba sutura da jiki. Ingilishi da aikatau ɗaya yake raba mutum da riga da hula da takalmi da zobe da rawani. Hausa kuwa sai ta dubi abin da yadda aka sa shi. Riga da wando tuɓe su ake yi, hula a cire, zobe a zare, rawani a kwance ko a warware. A Adar kalmar “hidda”, wadda ita ce “fid da” ta Kano, tana ɗaukar kaso mai yawa na wannan aiki:

(1) Yah hidda takalma nai, yas shiga masallaci.

Akwai wurin taka tsantsan a nan. Wanda aka koya wa cewa “take off” tuɓewa ne, in ya rubuta cewa maigari ya tuɓe rawaninsa, mai karatu yana iya zaton murabus ya yi, domin tuɓe rawani magana ce ta rabuwa da sarauta, alhali mutumin alwala kawai zai yi.

3.2 Raba abu da mazauninsa. Tukunya sauke ta ake yi daga murhu, kaya a sauke daga bayan raƙumi ko jaki, murfi a buɗe ko a cire, suna a soke daga takarda, hannu a ɗauke daga kan abu. A wannan ma'ana ce kaɗai “ɗauke” ya yi daidai da kalmomin Ingilishi biyu a haɗe.

3.3 Ragi a ciniki. Mai saye a kasuwar Barmu yakan ce:

(2) Rage mani dala ashirin, in biya.

Bature da wannan aikatau zai nemi ragin, amma faran ɗari zai ambata, tun da dala ɗaya faran biyar ce ta kuɗin sefa. Mai fassara ke nan aiki biyu ne a gabansa, ya juya aikatau, ya kuma juya lissafi.

3.4 Hutu daga aiki. In aka sa kwanaki tsakanin kalmomin biyu, ana nufin ma'aikaci ya ɗauki hutu. Hausa tana rarrabe hutu da fashi. Hutu da izini ake yin sa, fashi kuwa rashin zuwa ne, ko da dalili ko babu. Wanda ya sa fashi a gurbin hutu ya ɗora wa ma'aikaci laifin da takardar asali ba ta ɗora masa ba.

3.5 Kwaikwayo. A Ingilishin Ingila ana amfani da shi ga mai kwaikwayon muryar wani ko tafiyarsa don ban dariya, irin abin da ƴan kama ke yi wa malamai. Wannan jikan ma'anar nan ce ta kwafa da Johnson ya ambata.

Waɗannan biyar duk so-karɓau ne. Sauran uku ƙi-karɓau ne.

3.6 Barin ƙasa. Jirgin sama ko tsuntsu in ya rabu da ƙasa, Hausa ta ce ya tashi.

3.7 Tafiya farat ɗaya. Ana faɗinsa ga wanda ya bar wuri da gaggawa, galibi ba sallama. Hausa ta ce ya arce, ya sulale, ya kama gabansa, ko kuwa in da tsoro a ciki, ya ranta a na kare. Adar ƙasa ce ta tafiye-tafiye. Bayan girbi samari sukan fita biɗa zuwa Nijeriya da Kodebuwa da Libiya. Amma tafiyar ɗan cin rani da shawara ake yin ta, da guzuri, da addu'ar iyaye, saboda haka wannan aikatau bai dace da ita ba. Ɗalibin da ya sa shi a kan tafiyar wansa zuwa Abijan ya mai da shi mai gudu.

3.8 Haɓaka cikin ɗan lokaci. Ana faɗinsa ga sana'a ko dabara ko haja da ta sami karɓuwa nan da nan. Alal misali, dabarar tassa, wato ƙananan ramukan shuka da ake zuba wa taki don su riƙe ruwa a kan fako, ta bazu a ƙasar Illela bayan wasu manoman yankin sun ga irinta a Yatenga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980. Mai rubuta rahoto da Ingilishi da wannan aikatau zai ba da labarin. Bahaushe kuwa sai ya ce ta karɓu, ta yaɗu, ta kankama.

Ma'ana takwas ke nan, kuma ba kalmar Hausa ɗaya da ta rufe ko da rabinsu.

4.0 Tarkon “tashi”

Ma'ana ta takwas daga ta shida ta fito. Ingilishi ya kamanta sana'ar da ta haɓaka da jirgin da ya bar ƙasa. A 1960 masanin tattalin arziki na Amurka W. W. Rostow ya raba ci gaban ƙasashe mataki biyar, ya kira na uku da sunan da aka ciro daga wannan aikatau. Faransanci ya bi sawu da kalmar “décollage”, wadda ita ma ta tashin jirgi ce, kuma ta zama ruwan dare a bakin masu tsara ci gaba. Harsunan aiki biyu ke nan sun yi tarayya a kan kamance ɗaya, don haka wanda ke kai da kawo tsakaninsu ba ya ganin akwai rami a wurin.

Ramin a Hausa yake. Gaskiya ne jirgi tashi yake yi. Amma a dubi waɗannan:

(3) Kasuwa ta tashi.
(4) Lakwal ta tashi.
(5) Garin ya tashi shekarar yunwa.
(6) Hatsi ya tashi.
(7) Hankali nai ya tashi.

A (3) an gama ciniki, kowa ya kama hanyar gida. A (4) an sallami yara. A (5) mutane sun yi ƙaura sun bar kufai, abin da ƙauyuka da dama na arewa suka gani a farin 1973 zuwa 1974 da na 1984. A (6) tsada ce, a (7) damuwa. Ba ko ɗaya a cikinsu da ke nufin albarka. Kasuwar da ke cike da jama'a Hausa cewa take yi tana ci.

To, a ɗauka an kawo rahoto da Ingilishi mai cewa kasuwar albasa ta wani gari ta haɓaka, aka ba wanda ya haddace cewa “take off” shi ne “décoller”, shi kuma “décoller” shi ne tashi. Abin da zai rubuta shi ne kasuwar albasa ta tashi. Kowace kalma ya samo ta a ƙamus, nahawunsa ba kuskure, amma manomin da aka karanta wa takardar a cibiyar karatun manya zai fahimci ko dai kasuwar ta watse, ko kuwa albasa ta yi tsada. Wanda bai daɗe da iya karatu ba yana girmama rubutu, ba ya zargin takarda, kansa yake zargi. Irin wannan fassara tana rage masa amincewa da karatun da ya sha wahala kafin ya samu.

5.0 Abin da Hausa ke da shi a gida

A 1960 F. W. Parsons na Jami'ar Landan ya bayyana cewa aikatau na Hausa ya kasu aji bakwai, kowane aji da wasalinsa na ƙarshe da karin sautinsa. Uku daga cikinsu suna yin aikin da ƴan rakiyar Ingilishi ke yi.

Aji na huɗu, mai ƙarewa da -e, yana nuna ƙarasa aiki ko rabuwa: ɗauka da ɗauke, yanka da yanke, ci da cinye, sha da shanye, saya da saye. Aji na shida, mai ƙarewa da -o, yana jawo aiki zuwa wajen mai magana: ɗauko, sauko, sayo, kawo. Aji na biyar yana tura aiki nesa da mai yin sa: zubar da, jefar da, sayar da, fitar da. A Adar wannan “da” ya manne da aikatau har ya zama jikinsa, shi ya sa ake jin “hidda” da “saida” da “tada”, har ma a ɗora aji na shida a kai a ce “hiddo”.

Yaron Barmu ke nan tun kafin ya shiga lakwal ya san saiwa ɗaya tana canza ma'ana da ɗan abin da aka ƙara mata a baya. Ya san bambancin “sha ruwa” da “shanye ruwa”, wanda shi ne bambancin “drink” da “drink up”. Ya san “yanka” da “yanke”, wato “cut” da “cut off”. Malamin da ya fara daga nan ya gama rabin darasi. Faransanci yana da ɗafa-goshi masu nuna rabuwa, amma a kan wannan aikatau kalmomi masu saiwa dabam-dabam yake bayarwa: “enlever”, “déduire”, “imiter”, “décoller”, “filer”. Ɗalibi sai ya haddace su kamar baƙin da suka haɗu a tasha, ba ya ganin zaren da ya ɗinke su, wato rabuwar abu da inda yake.

Sai dai kamancen yana da iyaka, kuma wajibi ne a faɗe ta. Shi ma “ɗauke” ya yi nasa yawon: ruwa ya ɗauke, wuta ta ɗauke, numfashi ya ɗauke, ta ɗauke kai. Ba ɗaya daga cikinsu da ake faɗi da “take off”. Haka kuma a wajen shiga da fita da hawa da sauka, Hausa ta fi kama da Faransanci, domin a cikin saiwar aikatau take ajiye alkibla. Azuzuwan Parsons suna koya wa ɗalibi yadda abin ke aiki. Ma'anar kowane haɗi kuwa sai an koye ta a cikin jimla.

6.0 Ƙamusoshin da ke hannu

Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 yana da kalmomin Hausa kusan 39,000, kuma ya kula da karin harshe, yana nuna abin da ya fito daga Sakkwato ko Katsina ko Gobir. Ga mai nazarin Hausar yamma har yau taska ce. Amma ɓangarensa na Ingilishi zuwa Hausa manuniya ce kawai, tana jera kalmomi ta tura mai bincike can gaba. Wanda bai riga ya san ma'anar da yake nema ba, jerin ba ya zaɓar masa.

Ƙamusun R. C. Abraham, wanda ya fito a 1949 aka sake buga shi a 1962, ya fi kowanne yawan jimlolin misali da salon magana. Hanyarsa ita ce ta dace da matsalarmu, sai dai daga Hausa yake tafiya zuwa Ingilishi, ɗalibinmu kuwa daga Ingilishi ya fito.

Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, na 1965, don makarantun Nijeriya ta Arewa aka yi shi. Na Roxana Ma Newman, wanda ya fito a Amurka a 1990, ya yi nisa wajen rarrabe ma'anonin kalmar Ingilishi kafin ya ba da Hausarta, kuma shi ne ya fi cancanta a yi koyi da tsarinsa. Amma daidaitacciyar Hausa ce ginshiƙinsu duka biyu, kuma mai amfani da su a Adar sai ya sake fassara wa kansa wasu kalmomi, da kuɗi, da sunayen ma'aikatu.

A ɓangaren Nijar akwai ƙaramin ƙamusun Abdou Mijinguini na Hausa zuwa Faransanci, na 1987, da nazarin Bernard Caron a kan Hausar Adar, wanda aka buga a Balin a 1991, da ƙamusun Faransanci zuwa Hausa na Caron da Ahmed Amfani na 1997. Duk ayyuka ne masu daraja, kuma duk da Faransanci suke magana.

Hoton ke nan a fili. Littattafan da suka san Ingilishi Kano suke kallo, waɗanda suka san Adar kuwa Faransanci suke kallo. A cikin waɗannan da aka ambata ba wanda ya shimfiɗa gada kai tsaye daga bakin mutumin Barmu zuwa Ingilishi. Wannan ba aibi ba ne ga marubutan, kowa ya yi wa zamaninsa da masu karatunsa aiki. Aibin yana ga wanda zai tsinci kalma ɗaya daga nan, ɗaya daga can, ya jera su shafi uku, Ingilishi da Faransanci da Hausa, ya ce ya yi ƙamus. Irin wannan jeri yana da sauƙin bugawa da sauƙin haddacewa, yana kuma aiki ga sunayen abubuwa kamar gero da rijiya. Ga aikatau kuwa ɓata yake haifarwa, domin yana sa a zaci fassara tana tafiya gaba da baya daidai wa daida. Jirgi ya tashi ana faɗinsa da “take off”, amma daga cikin misalai biyar na “tashi” da aka kawo a sama ba ko ɗaya da ke komawa gare shi.

7.0 Shawarwari da kammalawa

Na ɗaya, duk ƙamus ko littafin aji da za a yi nan gaba ya ba kowace ma'ana ta aikatau gurbinta, da cikakkiyar jimla, ya kuma nuna ko da karɓau ko babu, da irin sunan da ke tafiya da ita.

Na biyu, inda fassara ke tafiya hanya ɗaya ba ta dawowa, kamar “tashi” da “tuɓe”, a sa gargaɗi a fili.

Na uku, a tattara jimloli daga bakin jama'a a kasuwanni da rijiyoyi da tashoshin Adar, a rubuta su yadda aka faɗe su, a ajiye daidaitacciyar Hausa a gefe. Wannan aiki ne da INDRAP da sashen nazarin harsuna na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa za su iya haɗa hannu a kansa.

Na huɗu, a koyar da azuzuwan aikatau na Hausa da Hausa, a firamare da cibiyoyin karatun manya, kafin a kai ga Ingilishi. Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, ƙasar nan take tara sani a kan koyarwa da harshen gida, kuma wannan sani ya kamata ya kai ga malamin Ingilishi.

Na biyar, kowace takarda da aka fassara don jama'a a karanta ta da murya ga mutanen da aka yi dominsu, a tambaye su abin da suka ji, kafin a kai ta maɗaba'a.

Taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980, da dokar rubutu ta 1999, sun daidaita mana haruffa. Aikin da ya rage na ma'ana ne, kuma ya fi na haruffa tsawo, domin aikatau ɗaya kawai aka duba a nan ya ba da rassa takwas. Ana fata masu bincike za su bi sauran ƴan uwansa da irin wannan awo, su kuma gwada abin da aka faɗa a nan da karin Arewa da Gobir da Damagaram.